Yadda Ake Fito da Launuka a Jikin Jan Ƙarfe da Wuta, da Yadda Ake Hana Su Dusashewa

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin wannan bidiyo ba: an ɗora ɗan faifan jan ƙarfe a kan bulo, an kusanto masa da harshen wuta, cikin 'yan daƙiƙu sai ga shi ya rikiɗe daga ja zuwa shunayya, daga shunayya zuwa shuɗi, kamar an zuba masa bakan gizo. Daga nan sai a huda shi a mayar da shi ɗan kunne ko abin wuya. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne yadda wannan ɗan kunne yake komawa bayan ya yi wata guda yana shan gumi da iska. In ba a rufe shi yadda ya kamata ba, launin zai dusashe ya koma ruwan ƙasa, wanda ya sayar kuma ya rasa amincewar mai saye.

A wannan darasi za a duba inda launin yake fitowa, yadda ake sarrafa shi, da yadda ake kare shi.

Daga ina launin yake fitowa?

Babu fenti ko rini a cikin aikin. Idan jan ƙarfe ya yi zafi, iskar oksijin tana haɗuwa da samansa ta samar da wata 'yar siririyar fata, wato irin tsatsar jan ƙarfe. Kaurin wannan fata ana auna shi ne da nanomita, kuma nanomita ɗaya ita ce milimita da aka raba gida miliyan. Silin gashin mutum ya kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari, alhali fatar da ke ba da launi ba ta wuce nanomita 'yan gomomi zuwa 'yan ɗaruruwa ba. Saboda tsabar sirantarta, haske yana ratsa ta.

Idan haske ya sauka a kanta sai ya rabu biyu. Wani ɓangare yana dawowa daga saman fatar, wani kuma ya shige ya bugi ƙarfen da ke ƙasa sannan ya dawo. Shi haske tafiyarsa irin ta igiyar ruwa ce, kuma kowane launi da tsawon igiyarsa, daga kusan nanomita 400 na shunayya zuwa kusan 700 na ja. To idan ɓangarorin biyu suka sake haɗuwa, wasu launuka sai su ƙarfafa juna, wasu kuma su kashe juna. Abin da ya rage shi ido yake gani. Masu amfani da abin sauraro na kunne mai kashe hayaniya sun san makamancin wannan: na'urar tana fitar da sautin da ke kishiyantar ƙarar waje, sai su soke juna. A shekarun farko na 1800 ne masanin Ingila Thomas Young ya yi bayanin wannan ɗabi'a ta haske.

Wannan ne dalilin launukan da ake gani a kumfar sabulu, da kan ruwan da man mota ya ɗiga a ciki bayan an ɗauke ruwan sama, da salansar babur da ta koma shuɗiya kusa da inji. Haka nan idan aka karkata kyamarar waya a cikin haske, za a ga gilashinta yana walƙiyar kore ko shunayya, saboda siraran rufin da aka yi masa don rage ƙyalli.

Abin riƙewa a nan shi ne, kaurin fatar shi ne launin. Duk abin da ya ƙara mata kauri, ko ya goge ta, ko ya hau samanta, zai canza abin da ido ke gani. Sauran darasin duk a kan wannan ya ginu.

Kayan aiki

1. Faifan jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita 0.5 zuwa 0.8, wanda ya dace da ɗan kunne da abin wuya.
2. Ƙaramar na'urar feshin wuta mai amfani da gas ɗin butan, irin wadda ake cika ta kamar laita. Harshenta yana haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos.
3. Bulon da ke jure wuta. A guji daɓen siminti, domin yana iya fashewa ya yi tsalle idan zafi ya yi masa yawa.
4. Filaya ko ƙaramin awartaki.
5. Samfefa mai laushi, daga lamba 400 zuwa 1,000 ko sama.
6. Binega ko lemun tsami, gishiri, bekin soda da sifirit.
7. Safar hannu ta roba don wanki da shafa, da tabarau na kare ido.
8. Abin rufewa: kaki ko fentin kariya marar launi.

Tabbatar da ƙarfen kafin a kunna wuta

Ba duk abin da ya yi ja ba ne jan ƙarfe. Wayoyin lantarki masu arha da yawa alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Idan aka kankare za a ga fari a ciki, kuma alminiyom yana narkewa a digiri 660, alhali jan ƙarfe sai ya kai 1,085. Idan kuma maganaɗisu ya kama shi, to baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe. Tagulla mai ruwan ɗorawa, wadda aka gauraya da sinadarin zink, ba ta ba da launi irin na jan ƙarfe zalla.

Akwai abubuwa biyu da ba a kai musu wuta sam. Na farko, waya mai rigar roba ko wadda aka kwance daga cikin injin fanka ko taransifoma, domin rufin da ke jikinta yana fitar da hayaƙi mai guba. Na biyu, ƙananan ƙarafan da ake cirowa daga cikin waya ko kwamfuta, musamman masu lanƙwasa su dawo. Wasunsu an gauraya su da sinadarin beriliyom, wanda ƙurarsa da hayaƙinsa ke lalata huhu.

Mataki na 1: A gama duk aikin ƙira

Yanka, huji, lanƙwasa da gyaran gefe duk a kammala su tun farko. Launi shi ne aiki na ƙarshe, domin bugu ɗaya na guduma ya isa ya karce fatar.

Mataki na 2: Gogewa da wanki

A goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi. Gwargwadon sheƙin ƙarfen, gwargwadon hasken launin da zai fito, tunda rabin aikin hasken da ke dawowa daga ƙarfen ne. Sai a jiƙa shi na 'yan mintuna a cikin kofin binega da aka zuba wa cokali ɗaya na gishiri, a mazubin roba ko na gilashi. A ɗauraye da ruwan da aka sa wa ɗan bekin soda don kashe tsamin, a sake ɗaurayewa da ruwa zalla, a busar, a shafe da sifirit.

Daga nan kada yatsa ya sake taɓa fuskarsa. Maiƙon hannu yana hana oksijin isa ga ƙarfen daidai wa daida, sai zanen yatsa ya fito ɓaro-ɓaro a cikin launin.

Mataki na 3: Wuta

A yi aikin a wuri mai iska, nesa da fetur, labule da kwalbar sifirit. Mai son ɗaukar bidiyo ya kafa wayarsa can nesa, domin batirin waya ba ya shiri da zafi.

A riƙe wutar da ɗan tazara, a riƙa yawo da ita a hankali, kada a tsayar da ita wuri ɗaya. Launukan suna zuwa a jere yayin da fatar ke ƙara kauri: ruwan goro, ja, shunayya, shuɗi, sai wani haske mai kama da azurfa, sannan ruwan zinare. Idan aka ci gaba, zagaye na biyu yana kawo ruwan hoda da kore. Bayan nan fatar ta yi kaurin da haske ba ya ratsa ta, sai ta koma ruwan toka ko baƙa.

Inda masu koyo suka fi faɗuwa shi ne lokacin janye wuta. Jan ƙarfe yana riƙe zafi, don haka launin yana ci gaba da tafiya bayan an ɗauke harshen. Wanda ya jira sai ya ga shuɗi sannan ya janye, zai tarar ya wuce shi. Dabarar ita ce a janye tun launin da ke gabansa yana fitowa: mai son shuɗi ya ɗauke wuta da zarar shunayya ta bayyana. Gara a yi ta taɓawa ana janyewa, daƙiƙa biyu ko uku, ana dubawa. Ɗora shi a kan ƙarfe mai sanyi yana tsayar da tafiyar launin da sauri.

Akwai kuma wata dabara da ake zane da ita. Tsakiyar harshen wuta ba ta da isasshen oksijin, saboda haka idan aka kusanto da ita sosai tana cinye fatar, wurin ya koma sabo fil. Da an matsa, iska ta buga, sai sabon launi ya tsiro a wurin. Da haka ake yin ɗigo-ɗigo da layuka masu launi daban-daban a faifai guda.

Idan an wuce gona da iri babu asara. A bari ya huce, a mayar da shi ruwan binega, a goge, a sake farawa. A tuna dai jan ƙarfe mai zafi da mai sanyi kamanninsu ɗaya ne, don haka da filaya ake ɗauka koyaushe. Kuma idan aka bari ya yi ja kamar garwashi zai yi laushi, ya riƙa lanƙwashewa cikin sauƙi.

A nan waya tana da amfani. Bidiyon da aka ɗauka, idan aka mayar da shi a hankali, yana nuna daƙiƙar da kowane launi ya fito da tazarar da wutar take. Gwaji biyar ko shida a kan guntaye ya isa mutum ya fara gane hannunsa.

Mataki na 4: Rufewa

Idan aka bar shi haka, oksijin zai ci gaba da aikinsa a hankali, gumi mai gishiri ya ci fatar, gogayya da tufafi ta share ta. Gumin ne kuma yake haɗuwa da jan ƙarfe ya bar koren tabo a yatsa ko wuya.

Sai dai duk abin da aka shafa zai taɓa launin. Da, iska ce a saman fatar. Yanzu kaki ne ko fenti, kuma hakan yana rage ƙarfin hasken da ke dawowa daga saman. Shuɗi da shunayya su suka fi shan wahala, ja da ruwan zinare sun fi jurewa. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga irin wannan ba: bayan fitowar iPhone 15 Pro a 2023, Apple ya bayyana cewa maiƙon fata yana iya canza launin gefen wayar na ɗan lokaci har sai an goge. Don hasashen yadda abin zai kasance, a ɗiga sifirit a kan guntun gwaji. Yadda ya yi yana jiƙe, kusan haka zai yi bayan rufewa.

Kaki: Mafi shahara shi ne Renaissance Wax, wanda aka samar a ɗakin bincike na gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950. Ana shafa ɗan kaɗan da ƙyalle mai laushi, a bari ya sha iska, a goge. Kakin zuma ma yana yi, sai dai ya fi danƙo da kama ƙura. Kaki yana gogewa da amfani, don haka sai an riƙa sabuntawa. Ya fi dacewa da ɗan kunne, wanda ba ya yawan gogar jiki.

Fentin kariya marar launi: Akwai waɗanda aka yi domin ƙarfe, irin su ProtectaClear da Incralac, akwai kuma na feshi da ake samu wurin masu sayar da fentin mota. Ya fi kaki daɗewa, shi ya sa ya dace da zobe, munduwa da abin wuya. A yi shafi biyu ko uku marasa kauri, ana barin kowanne ya bushe, maimakon guda mai kauri da zai yi gudu ya daskare. A rufe gaba da baya da gefuna da cikin huji, domin ta wurin da aka manta tsatsa ke shiga. A bi lokacin bushewar da aka rubuta a jikin gwangwanin kafin a sa a jiki. Ba a fesawa sai ƙarfen ya huce sarai kuma an kashe wuta, domin feshin yana kamawa.

Jan farce irin marar launi yana taimakawa a cikin zobe na ɗan lokaci, amma yana ɓarewa. Shi kuma maratayin da ke shiga hujin kunne, a sa na azurfa ko na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Matsaloli da dalilansu

Launi ya fito dabbare-dabbare: wanki bai yi ba, ko an taɓa da hannu.
Ya yi baƙi nan take: wuta ta yi kusa ko ta daɗe.
Baƙar fata tana ɓarewa: zafi ya wuce kima, sai a sake daga farko.
Fenti ya yi hazo: an fesa cikin damshi ko ya yi kauri.
Duhu ya ɓullo ƙarƙashin fenti: ragowar binega ko danshi aka rufe a ciki.

Ga mai niyyar sayarwa

A ɗauki hoto bayan an rufe, a inuwa da rana, ba tare da tace launi a manhaja ba, domin abin da mai saye ya gani a hoto shi zai nema a hannunsa. A faɗa masa gaskiya cewa babu guda biyu da za su yi daidai da juna, kuma ya cire kafin wanka, alwala ko fesa turare, ya ajiye a busasshen wuri. Kafin a sayar da na farko, mai aikin ya rataya guda a jikin makullinsa ko jakarsa na mako biyu. Idan launin ya jure wannan, zai jure a wuyan mai saye.