Nasiha ga Masu Tsara Fostar Kiran Yara Zuwa Karatu

'Ya'yana, samari da 'yan matan cikin Birnin Kano, Allah ya yi muku albarka bisa ɗawainiyar da kuke yi wa ƙannenku. Kusan kowace unguwa a yau, daga Yakasai zuwa Madabo, daga Jakara zuwa Gwale, za ka tarar da ƙungiyar matasa tana shirya darasin hutu, ko bitar jarrabawar JAMB, ko ajin koyon ɗinki da kwamfuta. Kowace ƙungiya kuma tana da ɗanta da ya iya Canva ko CorelDraw, wanda ake ɗora wa aikin fosta da bana. Da shi nake son yin magana, sauran kuma ku kasa kunne.

Ɗana, kafin ka taɓa waya ka tambayi kanka: wa zan kira? Za ka ce yara. To, amma yaro ɗan shekara goma sha biyu ba shi ke ba kansa izinin fita ba, balle yarinya. Mahaifinsu ne zai tsaya gaban takardarka a hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Kurmi, mahaifiyarsu ce za a karanta wa a tsakar gida. In waɗannan biyu ba su gamsu ba, ka yi asarar kuɗin bugu. Sai ga shi fostoci da yawa da nake gani an cika su da Turanci mai nauyi, da tamburan masu ɗaukar nauyi jere a sama, alhali wurin da za a yi karatun yana can ƙasa da 'yan ƙananan haruffa. Wannan an tsara ta ne don ta burge mai ba da kuɗi, mai ba da ɗa kuwa an manta da shi.

Magabatanmu sun riga ku wannan aiki, kuma sun san wa suke kira. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, Hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna cikin Hausa mai sauƙi. Ta Kano sunanta Sodangi, ta Katsina Himma, ta Sakkwato Zaruma. Gajerun jimloli ne da manyan haruffa, don wanda ya fara haɗa baƙi jiya ya iya karantawa yau. Haka Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, da harshen jama'a ta shiga lunguna har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Ba su da kwamfuta, amma sun san mutanensu.

Game da launi, ba sai ka je Turai neman malami ba. Ka sami alaramma mai rubuta Alƙur'ani da hannu, ka zauna gefensa ka kalla. Da baƙar tawada yake rubuta haruffa, da ja yake sa wasula, ɗigon ruwan ɗorawa na hamza ne, kore kuma na alifin da ake sadarwa. Launi huɗu, kowanne da aikinsa, babu wanda ya shigo don kwalliya kawai. Ko allon zayyana da ake yi wa mai sauka, adon yana kewaye ne, rubutun yana tsakiya da filinsa, ba abin da ya hau kansa. Ka ɗauki wannan tarbiyya. Launi biyu ko uku sun isa, salon rubutu biyu sun isa, kuma ka bar wa takarda fili ta sha iska. Rubutun ruwan ɗorawa a kan fari yana kyau a fuskar waya, amma in rana ta dake shi mako guda a jikin bango, ba mai iya karanta shi.

Abu biyar mai wucewa yake nema: me za a koyar, su wa ake so, a ina, yaushe, nawa ne. Su za ka fara rubutawa, ka girmama su. Wurin kuma ka faɗe shi yadda mutanen Birni ke kwatance: bayan Gidan Makama, ko daf da karofin Ƙofar Mata, ko kusa da gidan mai unguwa. Lokaci ma haka, in ka rubuta ƙarfe huɗu da rabi ka ƙara da bayan La'asar. In za a raba maza da mata, ko malama ce za ta koyar da 'yan mata, ka faɗa a fili, domin wannan layi ɗaya shi ne zai sa uba ya ce to.

Ka kula da rubutun Hausarka. Salon haruffa da yawa na kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga wajen bugu sun koma akwati ko sun ɓace. Ka nemi a fitar maka da gwaji ɗaya ka duba kafin a buga ɗari. Kada kuma ka raina ajami. Akwai dattawa da malaman tsangaya da shi ne idonsu ya saba, kuma har yau yana nan a jikin takardun Naira 200 da 500 da 1000. Layi ɗaya na ajami a ƙarƙashin boko yana gaya wa irin waɗannan bayin Allah cewa da su ma ake yi.

Sai maganar amana, wadda ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Alƙawari kaya ne. In ka rubuta kyauta ne, kada yaro ya zo a ce ya kawo kuɗin fom. In kwamfuta uku gare ku, kada ka sa hoton ɗakin da ke cike da su da ka ciro daga intanet. Iyayen da aka yaudara sau ɗaya ba sa sake aiko 'ya'yansu, kuma laifin naka zai shafi ƙungiyar da ke bayanka. Hoton yara ma amana ne. Ka nemi yardar iyaye kafin ka sa fuskar ɗansu a bana, kuma kada ka ɗauki almajiri cikin tsumma ka yi tallar tausayi da shi. Ɗan wani ne, yana da mutunci, wata rana zai girma ya ga hoton.

Ina roƙonka kuma ka bar sa ayar Alƙur'ani a takardun da ake rabawa hannu da hannu. Ka san ƙarshensu: wasu a kwata, wasu a ƙunshe da ƙosai. Wajen mannawa, ka nemi izinin mai gida da mai unguwa da kwamitin masallaci, kuma ka ƙyale ganuwa da ƙofofin gari, kayan tarihi ne da muka gada. In shiri ya ƙare, wanda ya manna shi ya kamata ya ɓare.

Ka tuna fosta ba ta shiga ɗaki. Iyaye mata da yawa ba za su gan ta ba, don haka ka haɗa ta da saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp, da sanarwa bayan sallah, da cigiya a rediyo in akwai hali.

Idan ka gama tsarawa, kada ka tura wa abokanka su yaba maka. Ka kai wa kawunka da ƙanwarka 'yar firamare, su duba na ɗan lokaci, sannan ka karɓe ka tambaye su ina za a yi kuma yaushe. In sun amsa daidai, je ka buga. In sun yi inda-inda, koma ka rage ado ka ƙara girman rubutu. Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya amfanar da yaranmu da abin da za su koya.