Idan Osiletar HP 10811 Ta Fara Zamewa

Mai gyara, kafin ka ɗauki sukundireba ka murɗa ramin saiti, ka taɓa jikin osiletar tukuna. HP 10811, wadda ake samu cikin tsofaffin na'urorin ƙirga firikwensi na Hewlett-Packard, tana fitar da 10 MHz ne daidai muddin tandar da ke ɗumama kiristal ɗinta ta tsaya a zafin kusan digiri 80. Idan ta yi rabin sa'a a kunne amma jikinta sanyi ƙalau, to tandar ce ta mutu. Yawanci laifin na ƙaramin fis ɗin zafi ne da ke ciki, wanda kan yanke don tsufa kawai. Sauya shi. Wasu kan ɗinke wurin da waya. Wannan ganganci ne, domin ranar da tiranzistan ɗumamawa ya lalace, babu abin da zai hana ciki ƙonewa.

Auna wutar da tandar ke sha: ta fara da yawa, ta ragu bayan 'yan mintuna. In tana hawa da sauka, duba tamista da tsofaffin kapasitocin sashen wuta.

Sai haƙuri. Osiletar da ta daɗe a ajiye takan yi kwanaki tana zamewa kafin ta nutsu, don haka ka bar ta a kunne. Bayan nan ka kwatanta ta da siginar 10 MHz ta GPS a kan osiloskop, ka murɗa saitin a hankali har igiyar ta daina tafiya.