Alƙawarin Paris yana hannun mai gatari

A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, Najeriya ta yi alƙawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda itatuwanta da ƙasarta ke tsotsewa ba. To amma wanda ya sa hannu a takarda ba shi ke riƙe da gatari ba. A aikina na malamin gona a Rimin Gado, na ga masu yanke wa bishiya hukunci: manomi ranar sharar gona, dagacin da ake kawo wa ƙara, da mai gidan burodi a birnin Kano. Shi ya sa Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta yi kira ga birane da ƙungiyoyi su shigo, Legas ma mamba ce a C40, ƙawancen manyan biranen duniya kan sauyin yanayi.

Mu dubi 'yan'uwanmu na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Tun daga 1983, wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya riƙa nuna wa manoma cewa kututturen da suke ƙonawa kowace bazara bishiya ce mai rai. Aka kira abin sassaben zamani. Manomi ya koya wa maƙwabcinsa, har an ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a yankunan Maraɗi da Damagaram. Abin ya kankama ne sa'ad da mutane suka tabbata cewa bishiyar gonarsu tasu ce.

Aikin ba ya cin ko sisi. Ka tsuguna gaban kututturen gawo ko kalgo, ka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi, ka ɗaura wa waɗanda ka bari tsumma don makiyayi ya san da mai su. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa; je ka gwada zangarniyar da ke gindinsa da ta nesa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne motocin itace da gawayi da ke bin hanyar Gwarzo zuwa birni. A da, jakin da ya kai itace Kano da taki yake dawowa. Yau wajibi ne mahukuntan birni su sauƙaƙa wa gidajen burodi da matan gida hanyar samun gas da murhu mai tsimin itace, don gonakinmu ake sarewa.

Manoman Gulu da Butu-Butu da sauran garuruwanmu, ku yi wa ƙungiyoyinku rajista, ku sa mata a ciki, ku ƙirga bishiyoyinku ku rubuta. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, da ƙungiya yake aiki. Iyayenmu dagatai da limamai kuma, don Allah ku kafa dokar sara a zaure kafin sharar gonar bana.