Shawara Ga Iyaye da Malamai Kan Ranar Karɓar Sakamako

Al'adar makarantunmu na boko a nan Kontagora ita ce, idan zangon karatu ya ƙare, ko Ƙungiyar Iyaye da Malamai ta kira taro, sai malami ya yi bayani, uba ya saurara, yaron da ake magana a kansa kuwa yana can waje, ko ya sunkuyar da kai, ba wanda ya tambaye shi komai. Alhali kuwa a makarantar allo, ranar saukar Alƙur'ani, almajiri ne ke riƙe da allonsa mai zayyana, ya karanta a gaban malaminsa da iyayensa da jama'ar unguwa, kowa ya shaida da kunnensa.

Shawarata ita ce a ba ɗalibi irin wannan matsayi. Tun kafin ranar karɓar sakamako, malami ya taimake shi ya zaɓi littattafan aikinsa, na lissafi da na Turanci, domin ya nuna inda ya ƙware da inda ya gaza, sa'an nan ya faɗi da bakinsa abin da ya ƙudurta gyarawa a zango mai zuwa. Uba ya yi haƙuri, kada ya katse shi da tsawa, gama kunya takan ɗaure harshen yaro, balle 'ya mace, wadda ya fi dacewa mahaifiyarta ta halarta.

Ku kuma ɗalibai masu koyon aikin malanta da ke garin nan, ina roƙonku ku jarraba wannan a ajin farko da aka damƙa muku amanarsa.