Wa Ke Tayar da Ɗan Wasa Idan Ya Faɗi?

A wannan fitowar mun kawo muku darasi a kan wata sana'a da muke gani kullum a filin ƙwallo amma ba mu cika tambayar yadda ake shigarta ba: aikin masu kula da lafiyar 'yan wasa da farfaɗo da su bayan sun ji rauni.

Da zarar ɗan wasa ya faɗi, za mu ga wasu sun rugo da jaka. A cikinsu akwai likitan gashin ƙashi. Aikinsa a fili shi ne ya gane nan take ko targaɗe ne, ko gocewar ƙashi, ko karaya, ko buguwar kai, ya kuma faɗi ko ɗan wasan zai iya ci gaba. Wani lokaci rai ne a hannun wannan tawaga. A 1989 Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a Legas ana wasa da Angola, ya rasu. A 2021 zuciyar Christian Eriksen na Denmark ta tsaya a fili, aka danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu har ya koma buga ƙwallo.

Babban aikin kuwa yana bayan fili. Wanda jijiyar gwiwarsa ta tsinke yakan yi wata shida zuwa tara, ko fiye, ana koya masa lanƙwasa ƙafa, taka ta, sannan gudu. In aka yi gaggawar mayar da shi, raunin na iya dawowa.

To, ta ina ake farawa? Daga ajin da muke zaune. Mai son karanta gashin ƙashi a jami'a sai ya shiga ɓangaren kimiyya tun daga SS1, ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. A JAMB zai rubuta Turanci da darussan kimiyyar nan uku. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna cikin masu koyar da shi, kuma karatun ba ya gaza shekara biyar.

A shekarun farko ana karanta tsarin jikin ɗan Adam, ƙashi bayan ƙashi, tsoka bayan tsoka, da yadda gaɓoɓi ke aiki. Fiziks ɗin da wasunmu ke gudu shi ke bayyana yadda nauyi ke sauka a gwiwa idan an yi tsalle. Daga nan sai zagayen asibiti a ƙarƙashin ƙwararru. Bayan digiri akwai shekara guda ta sanin makamar aiki, da rajista da hukumar MRTB, wadda ke ba da lasisi.

Kada mu ɗauka sana'ar ta 'yan ƙwallo ce kawai. Masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda suka yi haɗarin mota duk suna buƙatarta. Kuma muna kira ga 'yan uwanmu mata su shigo, domin mata da yawa sun fi sakin jiki da mace 'yar uwarsu.

Son ƙwallo kaɗai ba zai kai mu can ba. Mu riƙe darussan kimiyya, mu koyi taimakon farko, mu nemi shawarar malamin wasanni kafin mu cike fom ɗin JAMB. Da sanyin safiya ake kama fara.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.