Tantance Tsarin Bincike Kafin Tattara Bayanai: Waiwaye a kan Rahoto Mai Rajista

A al'adar wallafe-wallafen ilimi, sai manazarci ya kammala aikinsa sannan maƙalarsa ke isa gaban masu tantancewa. Illar hakan ita ce, sau da yawa sakamako ne ke yanke wa maƙala hukunci, ba ingancin hanyar da aka bi ba. Tun a 1979 Robert Rosenthal ya yi nuni da yadda binciken da bai gaskata hasashensa ba kan ƙare a cikin durowa. Manazarcin da ya san haka, kuma ƙarin girma na jiran sa, yana iya gyara hasashe bayan ya ga bayanai, ko ya yi ta sauya dabarar ƙididdiga har ta ba shi abin da yake so.

Domin toshe wannan kafa ne mujallar Cortex ta ƙaddamar da tsarin rahoto mai rajista a 2013, bisa jagorancin Chris Chambers na Jami'ar Kadif. A mataki na farko, marubuci kan miƙa gabatarwa da hasashe da dabarun bincike da tsarin ƙalailaice bayanai, tun bai fita fage ba. Idan masu tantancewa suka gamsu, mujalla takan yi alƙawarin wallafa aikin ko yaya sakamakon ya kasance. A mataki na biyu ana duba ko an bi tsarin da aka amince da shi, ko kuma bayanan sun ɗauki nauyin kammalawar.

Tasirin ba ƙarami ba ne. Scheel da abokan aikinta (2021) sun gano cewa kashi 96 cikin ɗari na maƙalun nazarin halayyar ɗan Adam da suka duba sun gaskata hasashensu na farko, amma a rahotanni masu rajista kashi 44 ne kacal. Wannan tazara ta isa ta sa a yi shakkar abin da aka saba karantawa.

Tsarin ba baƙo ba ne sarai ga wanda ya taɓa kare shimfiɗar kundin digiri, sai dai kwamitin sashe ba ya alƙawarin wallafawa. A nazarin Hausa, ya fi dacewa da ayyukan da ake gwada hasashe a cikinsu, kamar auna tsayin wasali ko karin sauti, ko gwajin dabarun koyar da karatu. Tarken waƙa da nazarin al'ada kuwa, inda tambayar kanta kan sauya a bakin mai ba da bayani, ba su cika zama cikin wannan ma'auni ba.