Darasi: Funfuna a Rufin Ɗaki Bayan Yoyo



Idan watan Agusta ya kama, ruwa yakan sauko a jere, soro ya sha ya ƙoshi, ya fara yoyo. Ka tara kwano, ka ja tabarma gefe. Gari ya waye ka tafi gona. Bayan ƴan kwanaki ka ɗaga kai, sai ka ga baƙi-baƙi ko tsanwa-tsanwa jikin azara da zana, ɗaki yana warin ruɓa. Wannan ita ce funfuna. Abu ne mai rai. Irinta ya fi ƙura ƙanƙanta, iska ke yawo da shi. Inda ya tarar da danshi, kwana 1 zuwa 2 ya ishe shi ya tsiro.

To, ka lura. Funfuna tana gaya maka har yanzu akwai ruwa cikin rufin. Wasu sukan shafa farar ƙasa a kai. Wasu su kafa leda ko zane su rufe, don kada baƙo ya gani. Duk ɓata lokaci ne. Ledar ma ta fi muni, domin tana tsare danshi, itace ya yi ta ruɓa a ɓoye, gara ta samu hanya. Ƙasar soro nauyi gare ta, in ta jiƙe kuma ta ƙara. Ba mu manta damanar 2024 ba, yadda ɗakuna da yawa suka rushe a jihar Maradi, har aka rasa rayuka.

Saboda haka ka fara da azara. Ɗauki wuƙa ka caki wurin da ya yi baƙi. In itacen yana da ƙarfi, madalla. In bakin wuƙa ya nutse kamar cikin dafaffen rogo, ko ka ga azara ta lanƙwasa, ka tokare ta da gwafa nan take. Kada kowa ya kwana ciki sai an sake ta. Kada kuma ka hau soro yana da taushi.

In rana ta fito sama ya sha iska, hau ka duba indararo. Sau da yawa ganye ne ko sheƙar tsuntsu ta toshe shi. Cire ciyawar da ta tsiro, cike tsaga da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ka gyara duk inda ruwa ke kwanciya.

Sai ka dawo ciki. Fitar da yara, da tsofaffi, da mai ciwon fuka, domin ƙurar funfuna tana tada tari da atishawa da ƙaiƙayin ido. Ɗaure hancinka da bakinka da ƙyalle. Yayyafa ruwa kaɗan kafin ka kankare, don kada ƙurar ta tashi. Itace mai ƙarfi a goge shi da ruwa da sabulu. Wanda ke da ruwan jabel ya zuba awo 1 cikin awo 10 na ruwa ya shafa, ƙofa da taga a buɗe. Kada a haɗa jabel da wani maganin wanki, yana fid da tururi mai cutarwa. Zana ko tabarma da ta ci funfuna ba ta wankuwa, a cire a ƙone. Yaɓe kuwa a kankare inda ya ɓaci, a bari ya bushe sarai kafin a sake.

Bushewa sai iska da rana. Kada ka hura gawayi ka rufe ɗaki wai don ya bushe. Iskar gawayi tana kashe mutum cikin barci, ba ta kuwa da wari.

Uwargida, saura naki. Irin gero da wake da aka rataya a rufi, a sauke a shanya. Irin da ya ruɓe ba ya tsiro. Gujiya kuwa a tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Akwai funfunar da ke barin dafi cikin gujiya da masara, masana suna kiransa aflatoksin. Yana lalata hanta, kuma dafuwa ko suya ba su kashe shi. Wadda ta ɓaci kada a yi ƙuli-ƙuli da ita, kada a ba akuya ko saniya, domin dafin yana bi ta nono.

Gyaran damana na wucin gadi ne. In an gama kaka, iskar hunturu ta busar da soro, ka nemi magini ya buɗe wurin, ya sake azarar da ta ruɓe, ya karkata rufin wajen indararo. Wanda kuma tarinsa ya wuce sati 2, a kai shi gidan likita a duba shi.